Tasar da Na Ajiye a Ƙarƙashin Famfo

Sunana Hansatu, mutuniyar Funtuwa. Sai da na haura arba'in na fara riƙe fensir a ajin manya, saboda haka wanda ya ga rubutuna ya karkace sai ya yi haƙuri, labarin dai bai karkace ba. Shekara tara na yi a Jidda. Matan unguwa idan sun zo hira so suke in ba su labarin teku da kantunan gwal. Ni kuwa abin da na fi riƙewa a garin nan tsoro ne, irin wanda yake zama a ƙasan cibiya, ki ci abinci da shi, ki yi salla da shi.

Zangonmu na farko unguwar Bagdadiyya. Ejan da ya kawo mu Umra, ni da mijina Malam Sani, ya sauke mu a wani tsohon bene a bayan ofisoshi, ya tattara fasfunanmu ya ce zai je a buga mana iƙama, wato takardar zama. Ya ce kwana uku. Kwana goma sha ɗaya muka yi a ƙarƙashin matakala muna jiransa, kuma har yau da nake rubutun nan bai dawo ba. Ban yafe masa ba, kada wani ya zo mini da wa'azi. Wani ɗan Yaman mai gasa burodin tamis a bakin layi shi ya riƙa miƙo mana guda biyu kullum da safe, bai taɓa tambayar sunanmu ba. Da ya ga ba mai zuwa, sai ya kira wani Bahaushe mai turin kaya ya nuna masa mu da haɓa. Shi ya kai mu unguwar Karantina.

A Karantina na fara numfashi, don a can ana gaishe ka da Hausa, kuma ƙamshin daddawa yana fitowa daga lunguna. Muka kama ɗaki na bulo da kwano a gidan Inna Dije, wata tsohuwa 'yar Damagaram da ta zo aikin Hajji tun da ƙuruciyarta ba ta koma ba. Ita take riƙe wa matan da suke fita aikatau 'ya'yansu. Malam Sani ya samu wankin motoci. Ina da cikin wata bakwai, wata safiya ya fita sayo mana burodi da wake, 'yan jawazat masu kama marasa takarda suka tare bakin layi. Wadda ta gani ta ce har aka tura shi cikin mota ledar burodin tana hannunsa. Sai bayan wata takwas kaset ya iso ta hannun wani alhaji, na ji muryarsa daga Funtuwa yana tambaya mace na haifa ko namiji.

Mace na haifa, Balkisu. Daga ranar tsorona ya samu fuska. Mutanen nan idan sun ɗauke ka a titi ba su tambayar me ka baro a gida. Za a kai ka gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a kora, daga nan sai jirgi. Na san wata Basakkwata da aka ɗauke a tashar mota, ɗanta yana hannun maƙwabta, kuma har na baro garin ba a haɗa su ba. Balkisu ba ta da takardar haihuwa, ba ta cikin fasfon kowa. Idan aka ɗauke ni ita tana Karantina, shi ke nan. Na sa wani malami ya rubuta sunan ubanta da sunan unguwarmu a Funtuwa, na kai aka ɗinke da fata kamar laya na rataya mata a wuya.

Inna Dije ce ta koya mini tafiya. Ta ce, "Ke Hansai, tafiyarki ce za ta tona ki. Kina tafiya kamar wadda ta saci akuya. Miƙe wuyanki, ki daina waiwaye."

Na ce, "Inna, wuyan ne ba ya miƙuwa."

Ta ce, "To ki ɗora masa kaya. Mai kaya a ka ba ta waiwaye."

Balkisu na da shekara biyu na samu aiki a Safa, unguwar sababbin benaye da manyan kantuna, inda kowa yake da mota. Gidan wasu mutanen Sham ne, Madam Huda da mijinta Samir, injiniya. Haya suke yi a sama, mai benen kuma, wani dattijo Basa'ude da ake kira Ammu Salih, yana zaune a ƙasansu daidai. Shara, wanki, guga, wanke-wanke. Ba su zage ni ba, ba su kuma taɓa riƙe sunana ba, "ya Hajja" kawai. Shekara biyu na yi lafiya.

Sai in faɗi yadda ruwan benen yake, don a nan maganar take. Akwai tanki a ƙasa da wani a saman rufi, kuma idan ruwan gwamnati ya ɗauke sai maigadi ya kira tankar ruwa ta zo ta cika. Wani lokaci a wuni, wani lokaci a kwana biyu. Mu kuwa a gida kowa ya san abin da ake yi idan famfo ya bushe: ki murɗa shi ki bar shi a buɗe, ki ajiye tasa ta ƙarfe a ƙarƙashi, ki tafi harkarki. Da ruwa ya dawo tasa za ta kira ki. Haka uwata take yi, haka na tashi na gani. Na zo da wata ƙaramar tasa tawa daga Karantina musamman don wannan, don kwanukan Madam na tangaran ne da roba, ba su da murya.

Da zafi ya tsananta suka tafi ƙasarsu hutun wata guda. Madam ta ba ni mukulli ta ce in riƙa zuwa sau biyu a mako ina ba shukokinta ruwa ina kaɗe ƙura. Gida idan an rufe shi kyankyasai ta rariyar banɗaki suke hawowa, ga wari. Sai na cusa tsumma a rariyar na danne da guntun tayil. Wannan ma dabarar gida ce, kuma ba wanda ya sa ni.

Ranar Alhamis ta makon ƙarshe na zo na tarar babu ruwa. Na buɗe famfon ƙasa na banɗaki, wanda ake tarar bokiti, na ajiye tasata, na shiga falo da tsumman goge-goge. Ban jima ba maigadi ya ƙwanƙwasa, ya ce a hankali ta bayan ƙofa, "Hajja, jawazat suna kan layi, suna shiga benaye." Na ajiye tsumman goge-goge. Na leƙa ta labule na ga motar. Na zauna a ƙasa bayan kujera har la'asar ta yi, fuskar Balkisu kaɗai nake gani. Da maigadi ya ce sun tafi, na ja abaya na kulle ƙofa na fita ta baya. Ban tuna da famfo ba. Ko sunana aka tambaye ni a lokacin sai na yi tunani.

Juma'a ba na zuwa. Ran Asabar da safe tun daga kwanar layi na hango dardumai an shanya a kan katangar benen, ruwa ya yi hanya daga ƙofa har bakin titi. Nan take na ji ƙarar tasar a kunnena, wadda ta yi ta kira ba kowa.

Na yi tunanin juyawa. Amma mukullin mutane yana ɗaure a bakin zanena. Idan na gudu da shi na zama ɓarauniya, kuma maigadi ya san a Karantina nake. Na shiga.

Tanka ta zo ran Alhamis da yamma. Ammu Salih yana garin Ɗa'if shan iska da iyalinsa, saboda haka ba wanda ya lura sai da ruwa ya gangaro ta matakala ran Juma'a, maigadi ya rufe babban famfo ya buga masa waya. Silin ɗin falon Ammu ya jiƙe ya rufto a kan kujeru da kabad ɗin littattafansa. Na same shi tsaye a ciki, ya naɗe farar rigarsa zuwa gwiwa, yana ɗaga wani littafi da ya kumbura kamar burodi. Bai yi ihu ba. Da ma ya yi. Cewa ya yi, "Buɗe sama."

Na buɗe. Kafet ɗin Madam yana tsotsar ƙafa. Kafin ya ƙaraso banɗaki na riga shi, na murɗe famfon, na zare tsumman na cusa a cikin abaya, na ɗora tasar a kan injin wanki. Ya duba ya duba bai ga inda ruwa ya fito ba. Ya ce, "Samir zai dawo jibi. In ba a gyara mini gida ba, shurɗa za su zo su raba mu." Shurɗa su ne 'yan sanda. Larabcina na kicin ne, amma wannan kalmar ko a mafarki na san ta.

Da suka dawo Madam ta zauna a kan akwatinta ta yi kuka. Ni na faɗa musu gaskiya tun a tsaye, ban iya ɓoye abu a ciki ya kwana ba. Samir ya dafe kai. Sannan ya je ya ɗauko wasu takardu a jaka, ya ce yana da ta'amin. Ranar na fara jin kalmar. Shi ne abin da a nan muke kira inshora. Kamfanin da yake wa aiki ne ya sa shi ya yi wa gidan hayar: kana biyan wani abu duk shekara, idan wuta ko ruwa ya ɓata kayanka, ko ya fita daga wajenka ya ɓata na maƙwabci, su za su gyara. Amma sai sun aiko mutum ya duba ya rubuta yadda abin ya faru.

Samir ya karanta takardun ya sake karantawa, gumi yana ɗiga a kansu. A ganinsa idan aka ce sakaci ne ba za su biya ba. Kuma idan aka ce mai aiki ce, za a tambayi takardunta, a ci shi tara don ya ɗauki marar iƙama. Da la'asar na gan shi ya shiga banɗaki da sifana. Ya durƙusa ya kwance mahaɗin bututun da ke bayan injin wanki har ya fara ɗiga. Ya fito ya tsaya a kaina.

Ya ce, "Ya Hajja, saurara. Bututu ne ya fashe. Bututu na mai gida ne, ba nawa ba. Ke kin zo Alhamis, komai a rufe, kin tafi. Kin gane?"

Na ce, "Ammu zai yarda?"

Ya ce, "Ba ruwanki da Ammu. Da ma cewa na yi kada ki zo ranar da mutumin kamfani zai duba, amma Ammu ya dage sai mai mukulli ta tsaya. In kika faɗi wani abu daban, ni ban san ba ki da iƙama ba, kuma ni da kaina zan kira su."

Da zan fita na ji Ammu Salih a matakala yana gaya wa maigadi cewa bututun benensa sababbi ne, duk wanda ya ce sun fashe sai ya maimaita a gaban hukuma. To ku duba inda na tsaya. In na yi ƙarya, Ammu zai kawo 'yan sanda, kuma ni za su fara cewa in kawo takarda. In na faɗi gaskiya, Samir zai kawo su. Kowace ƙofa motar nan ce a bayanta.

Na koma Karantina na tarar Inna Dije tana tsince shinkafa a ƙofar ɗaki. Na gaya mata duka. Ta ɗago.

Ta ce, "Wane ne wannan ta'amin ɗin? Ɗan sanda ne?"

Na ce, "Wai kamfani ne."

"Yana da biro?"

"Ai rubutu zai zo yi."

Ta ce, "To duk ɗaya ne. Ki tafi da yarinyar."

Na ce, "Inna, Madam ba ta yarda a zo da yara."

Ta ture faifan gefe ta dube ni. Ta ce, "Hansai, yau Madam kike tsoro? In za a ɗauke ki, a ɗauke ku tare. Ni na tsufa, ba zan ƙara rainon ɗan da uwarsa take wata ƙasa ba. Na yi sau biyu, ya ishe ni."

Ran Laraba na yi wa Balkisu wanka, na sa mata riga biyu a jiki, na duba layar wuyanta. Shekararta huɗu, ta wuce goyo, amma na goya ta na rufa abaya a kai. Inna Dije ta raka mu har bakin titi, abin da ba ta taɓa yi ba, ta cusa mini ƙullin dabino. Ba mu yi sallama ba.

Madam da ta ga ƙafafun yarinya suna reto ta buɗe baki, ta dubi fuskata, ta rufe.

Mutumin ta'amin ya iso da hantsi. Dogo ne, baƙi, cikin farar riga mai guga, da jaka da tocila. Na ɗauka ɗan Sudan ne. Ya ce sunansa Bakur. Ya fara da ƙasa, ya auna silin, ya ɗaga littattafan Ammu ɗaya-ɗaya yana rubutu. Sannan muka hau sama gaba ɗaya. Samir yana ta zuba, yana nuna bututu. Mutumin ya durƙusa ya haska, ya shafa mahaɗin da yatsa, ya dubi yatsan. Ya haska rariya, ya sa tsinken biro ya zaro wani zare ja. Zaren tsohon zanena ne. Ya miƙe, idonsa ya sauka a kan tasar da ke kan injin wanki. Ya ɗauke ta ya juya ta, ya ƙwanƙwasa gindinta da farce. Ta yi ƙara.

Ya ce da Larabci kowa ya koma falo, zai tambayi mutane ɗaya bayan ɗaya, zai fara da mai mukulli. Samir ya wuce ta gabana yana kallona. Aka bar mu a ƙofar banɗaki, ni da shi da Balkisu a bayana.

Sai na ji ya ce, ƙasa-ƙasa, "Khala, wannan tasa naki ne?"

Da Hausa. Karkatacciya, amma Hausa. Khala kuwa ƙanwar uwa ke nan a Larabci. Na dafa bango.

Ya ce, "Kakana, uwar babana, haka tana yi. Moya, ruwa, ya tafi, ta buɗe famfo, ta sa tasa. Moya ya zo, tasa ya yi kuka, ta ce yalla, kowa ya kawo bokiti. Mu yara muna ƙin wannan tasa." Ya ɗan yi murmushi. "Ita mutanen Katsina ne. Ni a nan an haife ni. Ina ji da kyau, magana ne shwayya, kaɗan-kaɗan."

Na yi niyyar in yi ƙaryar. Na haddace ta tun a mota. Amma mutum yana riƙe da tasarki yana ba ki labarin kakarsa, ta ina za ki fara?

Na ce, "Tawa ce. Ni na buɗe famfo, ni na toshe rariya saboda kyankyasai, ni na manta. Jawazat ne suka zo layi, hankalina ya tashi. Bututu kuwa ba ni ba ce, ban san aikin sifana ba."

Ya ce, "Bututu na gani. Ina da ido."

Na ce, "To ka ji. Ba ni da iƙama, ba ni da fasfo. Wannan 'yata ce, ba ta da kowa a garin nan sai ni. In za ka kira su ka kira yanzu tana bayana. Kada ka bari sai na ajiye ta."

Ya dubi ƙafafun Balkisu. Ya ce, "Khala, ni ba shurɗa ba ne. Wannan takarda na Samir, don mantuwa an yi shi. Mutum ya manta famfo, moya ya sauka ga jiran, maƙwabci, kamfani ya biya. Mantuwa akwai a ciki. Ƙarya ne babu. In ya ce bututu, ni na rubuta an kwance da hannu, halas, shi ke nan, ba ko riyal, kuma magana ya tafi hukuma." Sai ya tambaye ni, "Kina karatu? Arabi?"

A nan na yi wautar da ta fi ta famfo. Yaro ne sa'an ƙanena, ga biro ga jaka, ni kuma ga ni tsaye da goyo kamar kayan wanki. Kunya ta kama ni. Na ce, "Ina yi."

Ya ce, "Ɗayyib, da kyau."

Ya fita falo. Ban ji duk abin da ya gaya wa Samir ba, don ya ja shi gefe, amma na ga kunnuwan Samir sun yi ja, na kuma ji ya ce a kira mai gyaran famfo ya ɗaure abin da ya kwance, shi bai rubuta shi ba. Sannan ya gaya wa Ammu Salih an bar famfo ne a buɗe bisa kuskure, kamfani zai gyara silin da kujeru, littattafai kuma a kawo lissafinsu.

Na ɗauka an gama. Sai Ammu ya buga sandarsa a ƙasa. Ya ce an ɓata wa bututunsa suna a gaban maigadi, saboda haka sai an rubuta wadda ta yi, da sunanta da inda take zaune, ta dangwala yatsa, ya gani da idonsa. In ba haka ba shi bai yarda ba. Bakur ya yi ƙoƙarin lallashinsa, dattijo ya kafe. Sai ya zaro farar takarda ya rubuta, yana tambayata ina amsawa: Hansatu Sani, Karantina. Ya buɗe ɗan akwatin tawada. Na dangwala babban yatsana, ya zame har sawun ya ja wutsiya. Ammu ya sa tabarau ya karanta, ya gyaɗa kai, ya miƙa masa. Bakur ya juya takardar ya ƙara wani ɗan rubutu a baya, ya sa a jaka.

Madam ta karɓi mukullinta a ranar, ta ce in huta. Na ɗauki tasata.

A matakala ya cim mini, Samir da maigadi suna 'yan taku kaɗan a bayansa. Ya yi kamar yana wasa da Balkisu, ya tura wata takarda a naɗe cikin goyon. Ya ce a hankali, "Ki karanta a gida. Kar kowa ya gani." Ya wuce ya shiga motarsa. Ban sake ganinsa ba.

Na kai 'yata gida a bayana, Inna Dije ta sauke ta da hannunta. Amma tsoro bai sauka ba, sabon wuri ya samu. Na buɗe takardar na ga sawun yatsana. A tunanina wannan tawa ce aka ba ni, 'yar'uwarta tana can ofis a Bagdadiyya da sunana da unguwata, wata rana wani zai buɗe fayil ya miƙa wa hukuma. In kai wa malami ya karanta mini? An ce kada kowa ya gani, kuma a Karantina abin da mutum ɗaya ya karanta da safe, da yamma an sani a lungu bakwai. Na naɗe ta a leda na ɗinke cikin matashin kai.

Shekara uku na ƙara a Jidda a kan matashin nan. Na bar gidan Inna Dije, wadda ta fi uwa a wurina, na koma can wani lungu inda ba a san sunana ba, na ce a kira ni Ladi. Ban sake taka Safa ba. Na daina aikin gidaje, na koma sayar da gyaɗa da ƙosai a ƙofar ɗaki don kada in yi nisa da Balkisu. Duk motar da ta tsaya a bakin layi tawa ce. Inna Dije ta rasu ban je ba sai bayan an ɗauke ta, don ranar an ce ana kame a hanya. Wannan har yau yana ci na. Da aka yi shelar afuwa ga marasa takarda su fito a mayar da su gida, ni ce a sahun gaba, hannun Balkisu a cikin nawa, na ɗaure mu da ɗankwali.

A Funtuwa na shiga ajin manya, da yamma kuma Islamiyyar matan aure. Ba don komai na shiga ba sai don takardar nan. Shekara huɗu ina haɗa baƙi, amma rubutun hannu na Larabawa daban yake da na littafi. Ran nan bayan an tashi na tsayar da malamarmu, wadda ta yi karatu a Sudan, na farke ledar na miƙa mata. Ta karanta gaban, yadda na zata: suna, unguwa, famfo. Ta juya baya. Ta dube ni ta saman tabarau.

Ta ce, "Hajiya, wa ya karanta miki wannan a can?"

Na ce, "Ba kowa."

Ta ce, "Cewa ya yi: Khala, wannan ita kaɗai ce, babu wata. Rahoton kamfani ba ya neman suna, ban sa ba. Ki sa ta a wuta yau, ki kwana lafiya."

Na sa ta maimaita. Na karɓa na bi layin da yatsa, baƙi bayan baƙi, har na gane kalmar wuta da kaina. Layi biyu ne. Da na ce masa ban iya ba a ƙofar banɗakin nan, da ya faɗa mini da baki, da na zauna kusa da Inna Dije har na rufe mata ido.

Malama ta ce, "In kawo ashana?"

Na ce, "A'a. Ba ni fensir, Malama. Nuna mini yadda ya rubuta Khala."